Itanol, firiza ko kati? Yadda ake ajiye tsutsar gawa a zafin Kano ba tare da DNA ɗinta ya lalace ba

Wata ɗaliba mai shirin aikin digiri na biyu ta tare ni a ƙofar lab kwanakin baya, wai Malam na karanta takardu sun kai goma kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce itanol, wancan ya ce firiza mai sanyin digiri -80, wani kuma ya ce katin FTA mai riƙe DNA, ni kuma kuɗin hannuna ba za su sayi duka ba, wanne zan ɗauka? Na ce ƙanwata zauna tukuna. Yawancin waɗanda suka rubuta takardun nan a garuruwan da wuta ba ta ɗaukewa suke, ɗakin aikinsu kuma bai san zafin watan Afrilu ba, to in kika kwafo zaɓinsu kai tsaye kika kawo shi nan, wata uku ma ba za a yi ba za ki buɗe kwalba ki tarar da romo.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take a taƙaice. In mutum ya mutu aka bar gawar a fili, koren ƙudan nan mai sheƙi shi ne farkon zuwa, ya yi ƙwai a ido da hanci da baki da duk inda rauni yake, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, tsutsar ta yi girma mataki uku, ta bar gawar ta shiga ƙasa ta zama kwanso, daga nan sabon ƙuda ya fito. Saurin girman ya dogara ne da zafin wurin da kuma jinsin ƙudan. Don haka in ka san jinsin, ka san zafin da aka yi, ka auna tsutsar da ta fi kowacce girma, za ka iya cewa gawar nan ta yi aƙalla kwana kaza. Ba sabon abu ba ne, tun 1247 wani alƙali a ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta labarin yadda ƙudaje suka tona asirin mai kisa da suka taru a kan laujensa, a 1855 kuma likita Bergeret a Faransa ya wallafa yadda ya yi amfani da ƙwari wajen ƙiyasta daɗewar gawar wani jariri. Mu nan Kano da yake ana rasuwa ake sutura a binne a ranar, gawar da za ta kai ga tsutsa ita ce wadda aka tsinta a kango, ko a bakin kududdufi, ko a bayan gari, ko a ɗakin da aka kulle, watau dai irin wadda tun farko akwai alamar tambaya a kanta.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan tsutsotsi kamarsu ɗaya. Ka ɗora 'yar tsutsar Chrysomya megacephala da ta Chrysomya putoria, jinsuna biyu na irin ƙudan nan, a ƙarƙashin maikiroskof tun suna matakin farko, sai ƙwararre na gaske zai raba su, kuma in ka kuskure jinsi ka kuskure lissafin kwanaki. Shi ya sa ake komawa ga DNA, galibi wani yanki da ake kira COI mai tsawon harafi 658, wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003 a matsayin lambar shaidar dabbobi, sai a kwatanta shi da abin da ke rumbun bayanan DNA na intanet, BOLD ko GenBank. Akwai kuma DNA na biyu da mutane ke mantawa da shi, na mamacin kansa, wanda ke cikin jakar abincin tsutsar, irin jakar nan da kaza ke tara hatsi a wuya. A Meziko an taɓa gane gawar da ta ƙone ƙurmus ta wannan hanyar, daga cikin tsutsotsin da aka samu a jikinta aka kwatanta da DNA na mahaifin.

Ma'aunin da nake ɗora kowace hanya a kai

Kafin ka tambayi wacce ta fi, tambayi kanka abu biyar. Na ɗaya, DNA na wa kake nema, na ƙudan ko na mamacin, don na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba kuma yana ƙarewa da zarar tsutsar ta narkar da abincinta. Na biyu, in wuta ta yi kwana huɗu ba ta zo ba a tsakiyar bazara, ɗaki ya haura digiri 40, samfurin zai rayu? Wannan a wurina shi ne babban alƙali. Na uku kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har da dizal da gyara da ko kayan da dala ake sayensu. Na huɗu sauƙi, shin wanda aka tura wurin da ƙarfe biyun rana da safar hannu da kwalabe zai iya yi ba tare da ya kira ka a waya ba. Na biyar haɗari, ga lafiyarka da kuma ga hujjar kanta, ciki har da ko hanyar za ta bar maka jikin tsutsar da za ka nuna in lauya ya ce a kawo a gani.

Itanol, amma wane itanol

Da shi zan fara don shi ne jakin aikin, kuma a kansa aka fi yin kuskure. Abin da itanol ke yi shi ne ya zuƙe ruwan jikin tsutsar, su kuma inzayim ɗin da ke yayyanka DNA ba sa aiki sai da ruwa. Ka ga kenan ƙarfinsa shi ne komai. Mai kashi 70 zuwa 80 yana da kyau wajen ajiye siffa da awon tsayi, jikin ba ya bushewa ya yi ƙaras-ƙaras, amma ragowar ruwan da ke ciki yana barin DNA ya riƙa gutsurewa a hankali, a zafinmu kuwa ba a hankalin ba ne. Mai kashi 95 zuwa sama shi ne na DNA, sai dai yana sa jikin ya yi tauri, ƙafar ƙuda ta karye da ka taɓa ta.

Ga abin da takardu ba sa tsayawa su faɗa maka da kyau. Tsutsa jikinta kusan duk ruwa ne. Ka ɗebo manya guda ashirin ka cusa a ƙaramar kwalba ka zuba musu mai kashi 95, zuwa gobe abin da ke kwalbar ba 95 ba ne kuma, ruwan jikinsu ya sirka shi, za ka ga ma ya yi rawaya-rawaya. Ni dai ƙa'idata, itanol ya ninka jikinsu kamar sau goma, bayan awa 24 in zubar in sa sabo, manyan kuma in ɗan huda su da allura mai tsabta don fatarsu na da kauri, in ba haka ba waje ya kamu ciki ya ruɓe. Murfi kuma mai zare da roba a ciki, ba mai ɗan ƙas ɗin nan da ake dannawa ba. Na taɓa ajiye samfuran tsutsar mushen zomo na wata biyu a irin masu ƙas ɗin a saman kanta, na tafi hutun sallah na dawo, rabin kwalaben sun bushe ƙayau, tsutsotsin sun manne a gindi kamar ƙanzo, sauran rabin kuma na rubuta musu lamba da biro a jiki itanol ya zubo ya wanke rubutun. Aikin baban giwa. Tun ranar fensir nake amfani da shi, a kan 'yar takarda, a jefa ta cikin kwalbar tare da samfurin.

Sai maganar na jabu ko wanda aka sirka, don abin da ke rubuce a jikin jarka ba lalle shi ne a ciki ba. Akwai gwaji mai sauƙi in kana da sikeli mai kyau. Auna mililita 100 daidai ka ɗora, mai kashi 95 zai ba ka kusan giram 81, tsantsa kusan 79, mai kashi 70 kuwa wajen 89, ruwa zalla 100. In ka ga ya doshi 90 an ce maka 95 ne, mayar musu da kayansu. Sifirit ɗin kemis mai launin shuɗi-shuɗi kuwa an zuba masa metanol da rini, ƙarfinsa ma ba ka da tabbas, sai dai in babu komai a hannu a riƙe da shi zuwa gobe a canza. Kuma dan Allah in za ka ɗauko jarkar itanol a Adaidaita Sahu ka tsallaka gari da ita, ka riƙe takardar sashenku da rasit, lebul ɗin ma kar ka cire, ka san garin da muke.

Haɗarinsa wuta. In ya haɗu da tartsatsi yana kamawa tun a zafin digiri 13, kenan a Kano ko da hunturu a shirye yake, kar a ajiye shi kusa da janareto. Jirgin sama ma kayan haɗari yake ɗaukarsa, tura shi waje sai da ƙa'idoji. Amma kuɗinsa da sauƙi, ana samunsa, kuma ga babbar falalarsa da ta sa na fifita shi: ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan -114. In ka sa kwalbar itanol a firiza mai -20, wuta ta zo ta tafi ta zo ta tafi, samfurin bai taɓa zama ƙanƙara ba balle ya narke, sanyin ƙari ne kawai, in babu shi itanol ɗin na riƙe da amana.

Abu ɗaya kafin in wuce. Tsutsar da za a auna tsayinta ba a jefa ta da rai a itanol, tana ƙanƙancewa ta yi baƙi, ka zo ka auna ka ce kwananta biyu alhali uku ne. Ana fara kashe ta da ruwan zafi mai digiri 80 ko sama da haka na kamar daƙiƙa 30, ta miƙe, sannan a sa a mai kashi 80. Filas ɗin shayi da tafasasshen ruwa ya wadatar a wurin aiki.

Firiza

A takarda ita ce sarauniya. Samfur busasshe ba wani ruwa, a -80, DNA zai yi shekaru lafiya lau, kuma binciken da aka yi a Amurka kan DNA na cikin jakar abincin tsutsa ya nuna daskarewa mai tsanani ce ta fi kiyaye shi. To amma wa ke da -80 da zai rantse ba ta taɓa mutuwa ba? Injin kansa da tsadar gaske, yana shan wuta, yana buƙatar ɗaki mai AC don in ɗakin ya yi zafi kwamfiresa ke wahala, in ya lalace mai gyara ba a kowane lungu yake ba. Kuma daskarewa da narkewa sun fi rashin daskarewar muni, ƙanƙara na fasa ƙwayoyin jiki, da ta narke inzayim su fito su samu DNA a buɗe. A wani lab da na taɓa aiki taransifoma ta ƙone ana dab da dogon hutu, dizal ya ƙare, da aka dawo wuta ta riga ta dawo komai ya sake daskarewa tamkar ba abin da ya faru, sai da PCR, watau gwajin da ke ninka DNA har a iya ganinsa, ya riƙa fitowa fayau babu komai muka gane.

Dabarar da na koya daga nan, ka daskarar da ruwa a ƙaramin kofi ka ɗora kwabo ko wani ɗan ƙarfe a sama ka bar shi cikin firizar. Ranar da ka buɗe ka ga kwabon a gindin kofi, an narke a bayan idonka. Ka cika guraben da babu komai da robobin ruwa su riƙe sanyi, ka zaɓi firiza mai buɗewa ta sama, kuma ka guji irin wadda ke narkar da ƙanƙararta da kanta don ita da gangan take ɗumama kanta lokaci-lokaci. Mai -20 da aka haɗa da sola da inbata, wadda ba a sa lemo da naman kowa a ciki, ta fi -80 da ke jiran dizal.

Busarwa da silika jel

Arha, ba wuta, ba wari. Ƙwayoyin nan ne irin na cikin kwalin sabon takalmi, amma ka nemi mai canza launi, shuɗin yana komawa ruwan hoda in ya sha ruwa, sai a gasa shi a oben a kusan digiri 120 ya dawo. Ga balagaggen ƙuda, ko ƙafarsa, ko kwanson da ƙuda ya fita ya bari, ko ƙwaro, yana aiki sosai, da hunturu ma iskar kanta na taya ka. Ga ƙatuwar tsutsa mai kitse kuwa sam, kafin ta bushe ta ruɓe, tsayinta kuma ya tafi. Da damina in robar ba ta rufu ruf ba fumfuna za ta shiga. Ga kuma abin dariya, Dermestes maculatus, ƙwaron nan da masu fata da masu busasshen kifi suka sani sarai, wanda shi ma yana zuwa kan gawa in ta bushe, shi ne zai shiga akwatinka ya cinye hujjar. Ƙudan da za a busar a kashe shi da sanyi, kar a yi amfani da kwalbar etil asitet da masu tara ƙwari suka saba, tana lalata DNA.

Katin FTA

Takarda ce da aka jiƙa da sinadarai, ka murƙushe ɗan yankin tsutsa a kai, sinadaran su fasa ƙwayoyin su kashe inzayim su riƙe DNA, ka bar shi ya bushe, ka sa a jakarsa da silika. Zai zauna a durowa shekaru, za ka iya sa shi a ambulan ka tura Ibadan ko Legas ko waje ba mai tambayarka. In an zo aiki a huda ɗan da'ira na milimita 1.2 ko 2 a wanke a sa a PCR. Daɗi kamar me. Amma daga waje ake kawo shi da kuɗin waje, DNA ɗin da ke kai kaɗan ne, in ka cika masa kitse ya ƙi aiki, abin hudawar kuma in ba a tsabtace shi tsakanin kati da kati ba zai kwashi na wannan ya kai wa wancan. Abin da ka murƙushe kuwa ya tafi kenan, don haka kan tsutsar da gindinta a yanke a ajiye a itanol, a nan ƙugiyoyin baki da ƙofofin numfashi suke, su ake dubawa a gane jinsi da ido.

DESS da RNAlater

DESS haɗi ne da za ka iya yi da kanka: sinadarin DMSO kashi 20, sinadarin EDTA mai ƙarfin 0.25 M, sai gishiri har ya ƙi narkewa, a pH 8. EDTA na kama maganiziyam da inzayim masu yanka DNA ke buƙata, DMSO na shigar da haɗin cikin nama. Ba ya kama wuta, ba ya tsiyayewa kamar itanol, yana jure zafin ɗaki, jikin ma ba ya tauri. Wahalarsa a haɗawa take, EDTA ba ya narkewa sai ka ɗaga pH da soda, za ka yi ta juyawa har ka gaji. Kafin cire DNA sai an wanke samfurin sosai don EDTA ɗin da ya kare shi shi ne kuma zai hana PCR tashi, DMSO kuma yana ratsa fata, safar hannu dole. Ban da awon tsayi da shi, ba da shi aka saba yin jadawalin girma ba.

RNAlater kuwa, ruwan da ake saye don ajiye RNA, ɗan uwan DNA mai saurin lalacewa, in ba RNA ɗin kake nema ba, misali don ƙiyasta kwanakin abin da ke cikin kwanso, kar ka ɓata kuɗinka. Kamfanin da kansa ya ce yana riƙe RNA kwana ɗaya a digiri 37, mako ɗaya a 25, wata ɗaya a 4. Digiri 37 ai ɗakin kowa ne a watan Afrilu, ka ga an gudu ba a tsira ba, firizar dai za ka koma.

Fomalin kuma a'a. Na san a asibiti hannu ya saba, komai aka ciro a jefa a fomalin, amma yana ɗaure DNA da furotin yana kakkarya shi, haka ma ruwan Kahle da ke ɗauke da shi. In an riga an sa, sai dai a yi amfani da siffar kawai.

| Hanya | Kuɗi | In wuta ta ɗauke | Sauƙi a wurin aiki | Inda ake faɗuwa |
|---|---|---|---|---|
| Itanol 95 zuwa sama | sauƙi | yana riƙewa | sosai | sirki, tsiyayewa, gobara |
| Itanol 70 zuwa 80 | sauƙi | siffa lafiya, DNA na raguwa | sosai | a daɗe ba a cire DNA ba |
| Firiza -20 ba ruwa | matsakaici | haɗari | sai da kula mai ƙanƙara | narkewa a ɓoye |
| Firiza -80 | tsada sosai | haɗari babba | ba ta zuwa wurin | dizal da gyara |
| Silika jel | arha | ba ruwansa | sosai | tsutsa mai kitse, damina, ƙwari |
| Katin FTA | tsada | ba ruwansa | sai an koya | cika kati, gurɓata, asarar jiki |
| DESS | matsakaici | yana riƙewa | in an haɗa tun a lab | rashin wankewa |
| Fomalin | arha | siffa kawai | sosai | DNA ya tafi |

Sai cire DNA ɗin

Nan zaɓi huɗu ne a gabanka kuma ba su kai na ajiya rikici ba, don in ajiya ta yi kyau kusan kowanne zai ba ka COI, in ta lalace kuwa ko kit ɗin zinare ka sayo ba zai tashi matacce ba.

Kit mai kolom, watau ɗan bututu mai matatar silika a ciki, irin DNeasy Blood & Tissue na Qiagen da ake sayarwa na samfur 50 ko 250. Ka narkar da naman da proteinase K, inzayim mai narkar da furotin, a digiri 56 na 'yan awoyi ko ya kwana, ka zuba a kolom, DNA ya manne a silika, ka wanke sau biyu, ka sauko da shi. Tsabtatacce, sakamako iri ɗaya kullum, ga lambar kwali da za ka rubuta a rahoto. Tsadarsa ce matsala, kowane samfur kuɗi ne, yana son santirifuj, injin juya tub, mai gudu sosai, kuma an ce a ajiye shi tsakanin digiri 15 da 25, kenan ba a saman kanta kusa da taga ba.

Chelex 100 shi ne abokin talaka. Gari ne da ake damawa kashi 5 cikin ruwa, ka sa ɗan nama, ka ɗumama a 56, ka tafasa na kamar minti 8 zuwa 10, ka juya, ka ɗebi ruwan sama, duk a tub ɗaya don haka hanyar gurɓata kaɗan ce. Yi lissafi, maikirolita 200 na haɗin kashi 5 miligiram 10 ne na garin, kenan kwalba mai giram 50 za ta yi samfur 5,000, sashe guda zai yi shekaru yana ci. Sai dai DNA ɗin ba tsabtatacce ba ne, tafasawar ta raba zarensa biyu, ba ya son doguwar ajiya, kuma in ƙwayar Chelex ɗaya ta biyo fifet, bututun ɗiban ruwa, ta shiga PCR ta kashe shi.

Sinadaran CTAB da finol-kulorofom suna ba da DNA mai yawa kuma kayansu ba tsada, 'yan sashen tsirrai ma sun saba da CTAB don haka za ka samu mai nuna maka. Amma finol na ƙona fata, kulorofom ba abin shaƙa ba ne, in injin zuƙe hayaƙin lab ɗinku ado ne kawai ba ya aiki to ka haƙura. Ga yawan sauya tub, kowane sauyi ƙofa ce ta kuskure. Hanyar gishiri ita ce 'yar uwarsu mara dafi, sabulun lab da ake kira SDS da proteinase K, sai ruwan gishiri mai kauri ya kwantar da furotin, isofurofanol ya kwantar da DNA. Arha, lafiya, amma tana son hannu mai haƙuri don ɗan farin abin da ke gindin tub ɗin da ƙyar ake ganinsa, sabon shiga yakan zubar da shi tare da ruwan wanki.

Ko wacce ka ɗauka, ka bar itanol ya bushe daga naman kafin ka fara, ka yanki tsokar tsakiyar jiki ka kauce wa hanji in na ƙudan kake nema, ƙuda balagagge kuwa ƙafa ɗaya ko biyu sun isa. In na mamacin kake nema, wanke bayan tsutsar da bilic da aka sirka, ka ɗauraye, sannan ka fede ka ciro jakar. Kullum ka tafi da tub ɗaya da babu komai a ciki tun daga farko har ƙarshe, in shi ma ya fito da sakamako ka san akwai ɓarawo a gidan. DNA ɗin da ka samu a sa shi a ruwan ajiyar DNA da ake kira bafar TE, a raba shi ƙananan tub uku ko huɗu, ɗaya na aiki sauran ba a taɓa su. Kuma kar ka ɗauki COI a matsayin wahayi, ƙudaje Lucilia cuprina da Lucilia sericata suna barbara da juna a wasu wurare har COI ya ruɗe, a irin wannan sai an ƙara da wani yankin kamar 28S.

To wa zai ɗauki me

In ɗalibi ne mai furojet da mushen zomo ko akuya a keji a bayan sashe, samfur ɗari biyu ko uku, aljihu ba nauyi: itanol mai 95 da ka auna da kanka, canji bayan kwana ɗaya, a jefa kwalaben a kowace -20 da ta samu, cirewa da Chelex in za a yi PCR a makon, ko hanyar gishiri in DNA ɗin zai jira kuɗin sikwensin, watau karanta haruffansa, su taru. Manyan ƙudajen da ka raina a busar da su da silika su zama abin kwatance.

In shari'a ce, gawa ce ta gaske 'yan sanda suka kira ka, kar ka taɓa komai sai da izininsu, kuma kar ka zuba duka a kwalba ɗaya. Kaso uku. Na farko ruwan zafi sannan itanol mai 80 don awo. Na biyu kai tsaye cikin mai 95 a kula mai ƙanƙara don DNA, nan take, tun jakar abincin na cike. Na uku da rai a roba mai huji da 'yar hanta da yashi a ƙasa a raine su su zama ƙuda, amma masu gashi-gashin nan, Chrysomya albiceps, a ware su daban don suna cinye 'yan uwansu kafin ka iso lab. Cirewa da kit mai kolom, ba tattali a nan. Kowace kwalba da wurin jikin da aka ɗebo, da awa, da zafin iska da na tarin tsutsar, da sa hannun duk wanda ta bi ta hannunsa, don Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre, amma lauyan da ya san aikinsa ta kan kwalbar zai fara, ba ta kan digirinka ba.

In samfurin tafiya zai yi, zuwa lab a kudu ko ƙasar waje, kati ko DESS, kai da gindin tsutsar su zauna a gida cikin itanol da lamba iri ɗaya. In kuma aikin a ƙauye ne kwana da kwanaki ba wuta ba ƙanƙara, DESS ga tsutsa, silika ga ƙuda da kwanso.

Mai son gina rumbun ƙudajen Kano na shekaru, daga na abbatuwa zuwa na majemar fata da na bola, shi kaɗai ne zan ce ya nemi -80, shi ma samfurin ya shiga cikinta a cikin itanol, kwafi na biyu kuma a kati a wani ginin daban. Ɗalibar nan dai itanol da Chelex ta ɗauka, da ragowar kuɗin ta sayi kwalabe masu zare guda ɗari biyu da fensir.